Layin da ya ƙi lanƙwasa

Abin da ya tsayar da ni ranar nan layi ne guda ɗaya a kan allon kwamfuta. Ya taso daga ƙasa ta hagu, ya miƙe sambal zuwa sama ta dama, ko ɗan karkata babu. Duk wanda ya taɓa zana yadda ƙarfin ɗagawar fuffuken jirgi ke ƙaruwa idan ana ɗaga masa hanci ya san ba haka layin nan yake ƙarewa ba. Yakan yi ta hawa har ya kai wani wuri, sai ya sunkuyar da kai ya gangaro, saboda iskar da ke bin bayan fuffuken ta rabu da shi. Wurin da layin ke sunkuyawa shi ne iyakar fuffuke, shi kuma na aika a nemo mini.

Wanda na aika ba mutum ba ne. Wakili ne na ƙirƙirarriyar basira, irin wanda ba ya tsayawa ga amsa tambaya, yana iya ɗaukar wasu manhajojin ya yi aiki da su da kansa. Na shafe makonni ina haɗa shi da manhajojin da muke lissafin jiragen sama da su. Aikin ranar ƙarami ne: jirgi maras matuƙi, fuffukensa mai wata sananniyar siffa da ake kira NACA 2412, babu faranti na ƙara ɗagawa a bayansa. Na ce ya nemo iyakar ɗagawar fuffuken, ya fitar mini da mafi ƙarancin gudun da jirgin zai iya yi ba tare da ya faɗo ba. Bai ɗauki minti biyu ba ya dawo da rahoto tsaf, har da zane. Ya ce lambar ɗagawa, wato ma'aunin yadda fuffuke ke iya ɗaga jirgi, ta kai 2.2 a kusurwar digiri 25, saboda haka jirgin zai iya tafiya a mita 10 cikin daƙiƙa.

Fuffuke irin wannan, a kan ƙaramin jirgi mai tafiya a hankali, da wuya ya wuce 1.3, kuma iska kan rabu da shi tun a digiri goma sha 'yan kai. Idan ka sa 1.3 a maimakon 2.2, gudun da ake bukata ya tashi daga mita 10 ya koma 13. Mita ukun nan, a lokacin sauka, su ne tsakanin jirgin da ya zauna a kan tayoyinsa da wanda za a tsince gutsattsarinsa a zuba a buhu.

Na koma na bi sawun abin da ya yi. AVL ya ɗauka, manhajar da Mark Drela na jami'ar MIT da Harold Youngren suka rubuta. Manhaja ce mai kyau ƙwarai, ina amfani da ita kusan kullum. Tana ɗaukar fuffuke a matsayin siririn faifai, ta shimfiɗa masa ragar juyin iska, ta kuma ɗauka cewa iska ba ta da danƙo, ba ta gogar jikin fuffuke. Shi ya sa take gamawa cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa kuma ba ta san iska na iya rabuwa da fuffuke ba. Ko digiri 40 ka ba ta, za ta ba ka lamba. Digiri 25 ɗin da wakilin ya kira iyaka, nan ne kawai ya tsayar da gwajinsa. Da ya ci gaba, da layin ya ci gaba.

Daga nan na buɗe bayanin da ni da hannuna na rubuta wa wannan kayan aikin. Sunan da na ba shi shi ne lissafin_fuffuke, bayanin kuma jimla ɗaya: "Yana lissafa ƙarfin ɗagawa da jan iska na fuffuke ko na jirgi gaba ɗaya a kusurwar da aka ba shi." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Da wannan jimlar ya yanke shawara, don ita kaɗai na nuna masa.

Ga yadda abin yake tafiya, ga wanda bai taɓa leƙawa ba. Hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu wajen haɗa wakili da manhajoji ita ce ƙa'idar MCP, wadda kamfanin Anthropic ya fitar a watan Nuwamba na 2024. Kana da saba, wato wata 'yar manhaja mai shiga tsakani, da ke tsaye a gaban manhajarka. Idan wakili ya haɗu da ita, sai a tambaye ta jerin kayan aikin da ke wurinta, ta amsa da abu uku game da kowanne: suna, bayani cikin magana irin ta mutane, da fom ɗin da ke faɗin abubuwan da za a cike kafin a kira shi. Wannan ne ake kira gano kayan aiki. Wakilin ba ya ganin abin da ke cikin manhajar, ba ya karanta littafin jagorarta sai idan ka ba shi, bai kuma taɓa zama kusa da wanda ya yi shekara ashirin yana fama da ita ba. Suna, bayani, fom. Da su zai zaɓa.

Na ɗauki zanen na kai wa injiniyan da na koyi aiki a hannunsa, dattijo ne, ya kusa ajiye aiki. Ya dubi layin bai fi daƙiƙa biyu ba.

"AVL ce," in ji shi.

"Ita ce, Malam."

"Kai da ka zo wurin nan, wa ya gaya maka ba ta ganin rabuwar iska?"

"Kai ne, Malam. Makon farko."

"To shi wa ya gaya masa?"

Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, da na koma na tambayi wakilin kai tsaye ko AVL na iya hasashen rabuwar iska, ya amsa daidai, har da dalilai. Ashe ya sani. Amma ni na ɓoye masa sunan manhajar a bayan wani suna na gama-gari, na hana shi haɗa abin da ya sani da abin da ke hannunsa. Tun daga ranar, jimlar farko a kowane bayani da nake rubutawa ita ce sunan ainihin manhajar da irin lissafin da take yi. Gyaran da ya fi kowanne sauƙi ke nan, kuma ya fi yawancinsu amfani.

Maganar Malam ce ta zauna mini a rai. A wannan sana'ar, yawancin abin da ke hana mu kuskure ba a rubuce yake ba. A bakin mutane yake, ana miƙa shi daga tebur zuwa tebur. Ɗauki XFOIL, wadda Drela ya fara rubutawa a 1986, har yau kuma da wuya ka samu ɗalibin wannan fanni da bai taɓa ta ba. Ita tana lura da siririn ɓawon iskar da ke manne da jikin fuffuke, don haka tana iya nuna maka inda layin ke sunkuyawa, amma na yanki ɗaya na fuffuken, ba fuffuke gaba ɗaya ba. Tana da wata ɗabi'a da duk mai amfani da ita ya sani. Idan ka ce ta bi kusurwoyi a jere tana adana sakamako, duk kusurwar da lissafinta ya ƙi zama, ba ta saka ta a fayil ɗin sakamako. Za ta yi ƙorafi a kan allo, amma fayil ɗin zai fito tsaf, layi ya tsallake daga digiri 14 zuwa 17 kamar babu abin da ya faru. Kuma a daidai wurin da iska ke fara rabuwa ne lissafin ya fi ƙin zama, wato wurin da ka fi bukata. Mutum yana ganin giɓin ya gane. Wakilin da aka miƙa wa fayil ɗin kaɗai zai ɗauki lamba mafi girma a cikin abin da ya rage ya kira ta iyaka. Sai da na sake rubuta sabar ta riƙa dawo da jerin kusurwoyin da aka nema, da waɗanda suka zauna, da waɗanda suka ƙi, kowanne a fili.

Kafin in fahimci wannan, na yi wani kuskuren na daban, irin na mai zumuɗi. Na ɗauka yawan kayan aiki shi ne ƙarfi. OpenVSP, manhajar zana siffar jirgi da NASA ta saki ga kowa a 2012, tana da ɗaruruwan umarni da ake iya kira ta harshen kwamfuta na Python, sai na mayar da kusan kowanne kayan aiki mai zaman kansa, na ƙara da na SU2, babbar manhajar lissafin gudanar iska, da na lissafin ƙarfe, da na tauraron ɗan'adam. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, duk bayanan nan ana zube su ne a cikin ɗan wurin da wakilin ke riƙe tunaninsa na lokaci guda. Tun kafin in buɗe baki, wani babban kaso na wurin ya cika da bayanin kayan da aikin ranar bai shafa ba. Ga kuma sunaye masu kama da juna birjik. Ya riƙa ɗaukar na kusa da daidai, ko ya yi ta kiran ƙananan umarni ashirin a kan abin da umarni ɗaya zai gama.

Maganin da ake yi yanzu shi ne a daina zube masa komai. A ba shi kayan bincike guda ɗaya, ya faɗi abin da yake nema, a kawo masa uku ko biyar mafi kusa, sannan a buɗe masa cikakken bayaninsu. Wannan ya warware matsalar cunkoso. Amma tsugune ba ta ƙare ba, domin binciken kalmomi yake gwadawa, ko ma'anar kalmomi, ba ya gwada ilimin da ke ƙarƙashinsu. Wata rana na tambaya a kan karkarwar fuffuke, wato lokacin da iska da lanƙwasar ƙarfe suka shiga zuga juna har fuffuken ya karye. Binciken ya ɗora a sahun gaba kayan da ke lissafa yadda fuffuke ke girgiza shi kaɗai idan an buge shi, babu iska. A Nastran, manhajar lissafin ƙarfe, wannan shi ne SOL 103, na karkarwa kuma SOL 145. Duk bayanan biyu suna maganar girgiza da mita da fuffuke. Na farkon mataki ne da ake takawa kafin a kai ga na biyun, amma ba zai taɓa gaya maka gudun da fuffuken zai fara karkarwa ba. Kama da wane ba ta wane.

Abin da na yi, kuma har yanzu ina ganin shi ne daidai, na sa wa kayan binciken tambayoyin dole. Kafin ya nemo maka komai, sai ka faɗi lambar Mach, wato gudunka idan aka gwada shi da gudun sauti. Sai ka faɗi lambar Reynolds, wadda ke gwada ƙarfin tafiyar iska da danƙonta, ka faɗi ko ana tsammanin iska za ta rabu, ka faɗi ainihin abin da kake son aunawa, da tsawon lokacin da za ka iya jira. Da waɗannan ake fara tacewa, kalmomi su biyo baya. Idan ka ce Mach 0.85, XFOIL da AVL ba za su ma bayyana ba, domin a wannan gudun iskar da ke kan fuffuke ta riga ta wuce gudun sauti a wasu wurare, katangar matsi ta taso, su kuma ba a gina su don ganinta ba. Za a nuna maka SU2, a kuma gaya maka tana bukatar raga mai kyau, wato sararin iskar a yanyanke ƙanana-ƙanana don lissafi, da sa'o'i a kan manyan kwamfutoci. Na kuma ba binciken damar dawowa hannu rabbana, ya ce babu kayan da ya dace, ga dalili. Wannan damar na fi alfahari da ita a duk tsarin. Binciken da dole sai ya kawo wani abu, zai kawo ne ko da abin bai dace ba, wakilin kuma zai yi aiki da shi da zuciya ɗaya.

Sai maganar ma'auni, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Fom ɗin kayan aiki yana iya cewa wannan gurbin lamba ake sa wa, yana iya faɗin mafi ƙanƙanta da mafi girma. Amma tsarin JSON Schema da ake rubuta shi da shi ba shi da wata kalma ta musamman da ke cewa mita ce ko ƙafa. Lamba ce kawai. A wasu fannonin ana iya ɗaga wa wannan ƙafa. Mu kuwa muna da kumbon Mars Climate Orbiter da aka harba a Disamba 1998, ya ɓace ranar 23 ga Satumba 1999 yayin da yake shiga zagayen duniyar Mars. Wata manhaja ta ƙasa tana fitar da tasirin ƙananan injinan kumbon da ma'aunin laba, wadda ke karɓa kuma tana ɗauka niyuton ne. Bambancin ninki 4.45 ne. Wata tara kuskuren yana taruwa, har kumbon da aka shirya zai wuce a nisan kilomita 226 daga doron Mars ya gangara zuwa wajen kilomita 57. Abin da ya fi damuna a labarin shi ne takardar yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu ta faɗi a sarari cewa niyuton ake so. Rubutun daidai yake. Babu dai abin da ya tsaya a bakin ƙofa ya duba ko an bi shi.

Wannan ya koya mini cewa kyakkyawan bayani rabin aiki ne. Sauran rabin, kayan aikin da kansa ya ƙi karɓar abin da bai dace ba. Yanzu ma'auni yana cikin sunan kowane gurbi: tsayi_da_mita, gudu_mita_a_daƙiƙa. Sakamako ma ba ya fita tsirara, kowace lamba da ma'auninta a manne. OpenMDAO, manhajar haɗa sassan lissafi ta cibiyar Glenn ta NASA, ta daɗe tana yin irin wannan: idan ka bayyana ma'aunin kowace lamba, tana juya shi da kanta a inda sassa biyu suka haɗu, ta kuma ƙi haɗa tsayi da nauyi. Daga wurinta na ɗauki darasi.

Tsofaffin manhajoji kuwa kowacce da tarkonta. Nastran, wadda asalinta aikin NASA ne na ƙarshen shekarun 1960, ba ta san ma'auni ba sam. Duk abin da ka ba ta, ta ɗauka ka daidaita shi. Idan kana aiki da inci da laba, ka shigar da nauyin ƙarfe yadda yake a littafi, sai ka sa mata WTMASS, lambar da take gyara nauyin da ita, a 0.00259. Idan ka manta, za ta ɗauki fuffuken ya ninka nauyinsa sau 386, mitar girgizarsa ta fito ƙasa da ta gaskiya kusan sau ashirin. Idan kuma da milimita da niyuton kake aiki, nauyi da tan ake sa shi, ba da kilo ba. Irin wannan kuskuren ma da sauƙi, girmansa ke tona shi. Wanda ya fi ba ni tsoro na OpenFOAM ne, wata manhajar lissafin gudanar iska. A lissafinta na iska mai tafiya a hankali, irin na simpleFoam, abin da take kira matsi an riga an raba shi da kaurin iskar. Kafin ya zama matsi na gaskiya sai ka ninka shi da kaurin, wanda a gaɓar teku, bisa daidaitaccen ma'aunin duniya, kilo 1.225 ne a kowace mita kubik. Idan aka manta, amsar za ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ba ta yi nisan da za ta ɗaga hankalin kowa ba, ta kuma yi nisan da za ta ɓata zane.

A ɓangaren sararin samaniya ba zan daɗe ba, don ba nan na fi ƙwarewa ba, amma cutar ɗaya ce. SGP4, da ake hasashen matsayin tauraron ɗan'adam da ita daga bayanan zagayensa masu layi biyu, tana ba da amsa a tsarin auna matsayi na TEME, ba a na J2000 da wasu manhajojin ke jira ba. Agogo ma ba ɗaya ba ne: tun farkon 2017 agogon atam na TAI yana gaban UTC, agogon da duniya ke bi, da daƙiƙa 37, tauraron da ke zagaye kusa da ƙasa kuma yana cin fiye da kilomita 7 da rabi kowace daƙiƙa, ka ga kilomita 280 ke nan sun tafi a kan rikicin agogo. Lambobi huɗun da ake bayyana juyawar kumbo da su ma, lambar da manhajar SPICE ke sawa a farko, ita ce manhajar SciPy a al'adarta ke sawa a ƙarshe. Wakilin da ya ɗauko amsa daga nan ya zuba can ba zai ga saƙon kuskure ba. Lambobi huɗu aka nema, huɗu ya bayar.

Akwai kuma labarin da nake komawa gare shi duk lokacin da na zauna rubuta sashen "kada a yi amfani da shi idan". Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Ariane 5 ta farko ta tashi daga Kourou, ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan kunna injinta, da taurarin Cluster guda huɗu a kanta. Manhajar na'urar da ke auna motsinta an ɗauko ta ne daga Ariane 4, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya lau. Ariane 5 ta fi saurin tara gudu a kwance, sai wata lamba ta yi wa gurbin da ake zuba ta girma, na'urar ta tsaya, ta ajiyar ma ta tsaya saboda manhaja ɗaya ce a cikinsu. An gwada wannan manhaja, an amince da ita, tarihinta fes. Sharaɗin da ya sa take daidai ne ba a ɗauko tare da ita ba. Wakili mai bincika kundin kayan aiki yana yin irin wannan ɗaukowar sau da yawa a rana ɗaya, cikin daƙiƙoƙi, kuma idan ba a rubuta sharaɗin a jikin kayan ba, babu inda zai same shi.

Ban yarda kuma a ce duk abin da wakili ya gano yana da izinin taɓawa ba. Manhajojin kasuwa da lasisi ƙidayayye suke aiki, idan ya harba lissafi talatin lokaci guda ya tsayar da kowa a ofis. Wasu zane-zanen suna ƙarƙashin dokokin Amurka na fitar da fasaha, ITAR da EAR, kuma tura su ga wata sabar da ke waje na iya zama laifi ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Don haka wasu kayan ba sa ma bayyana a jeri idan aikin da ake yi bai halatta su ba. MCP tana da alamomin da kayan aiki ke sanya wa kansa, ya ce ni karatu kawai nake yi, ko ni ina iya goge abu, amma shi ne yake faɗi game da kansa, ƙa'idar ma ta ce kada a dogara da su idan ba a amince da sabar ba. Bayanin kayan aiki rubutu ne da ke shiga kan wakili kai tsaye, wanda ya rubuta shi yana iya cusa umarni a ciki. Sabar da ban karanta bayananta da idona ba, ba ta shiga kundina.

Wani abokin aiki ya ce mini duk wannan wahalar ta ɗan lokaci ce, nan da shekara kaɗan basirar za ta ƙware ta riƙa gane komai da kanta. Na yarda za ta ƙware, ina ma ganin hakan da idona. Amma komai ƙwarewarta ba za ta san cewa fayil ɗin fuffukenmu da milimita aka zana shi ba, ko cewa ragar da ke wancan kundin don gudu na ƙasa-ƙasa aka yi ta, sai wani ya rubuta. Masu tantance manhajar jiragen sama sun daɗe da wannan tunani. DO-330, takardarsu ta tantance kayan aiki da ta fito a 2011 tare da DO-178C ta tantance manhajar jirgi, tana tambaya ne: wannan kayan aikin, me aka ce zai yi, a wane yanayi, kuma idan ya yi kuskure wa zai kama shi? Abin da nake yi bai kai matsayin tantancewa ba, ban kuma ce wakilina ya cika waɗancan sharuɗɗa ba. Tambayoyin ukun dai na ara.

Bayanin AVL yanzu ya kai sakin layi biyu. Ya fara da sunanta da irin lissafinta. Ya ce jan iskar da take bayarwa wanda ɗagawa ke haifarwa ne, ban da na goga, sai an ƙara mata shi. Ya ce a zanenta X baya yake nufa, Z kuma sama, saɓanin yadda masu lissafin tuƙi suka saba. Sannan ya ce a fili: ba ta hasashen rabuwar iska, kada a nemi iyakar ɗagawa da ita kaɗai, a haɗa ta da XFOIL. Idan aka ba ta kusurwar da ta haura digiri 12, amsar tana fitowa da gargaɗi a samanta.

Na sake ba shi tambayar farko, kalma da kalma. Wannan karon ya fara da XFOIL ya samo iyakar yankin fuffuken a lambar Reynolds ɗinmu. Ya koma AVL ya duba yadda ɗagawa ta rarrabu daga gindin fuffuke zuwa bakinsa, ya nemo wurin da zai fara kai wa iyakar. Ya ba ni 1.25, gudu mita 13 da ɗan kai. A ƙarƙashi ya rubuta cewa kusurwoyi uku bayan digiri 15 sun ƙi zama, cewa XFOIL takan yi ɗan kyautata zato a kusa da iyaka, kuma kada a tsayar da gudun sauka a kan wannan lambar sai an gwada a ramin iska, inda ake hura wa samfurin jirgi iska, ko a sama. Na kai wa Malam. Ya karanta har ƙarshe, ya ɗaga kai ya ce, "To, yanzu an gaya masa."

Bayanin kayan karkarwar fuffuke ne ban gama ba. Duk ranar Alhamis da yamma nakan je teburinsa da kwamfuta, shi kuma ya fito da wani tsohon littafin rubutu mai baƙin bango da ya cika da lambobi da ƙananan zane-zane, yana faɗa ina bugawa. Wani lokaci sai ya yi shiru ya ce, "Goge wannan, ba kullum yake zama haka ba," mu koma mu nemo sharaɗin da ya sa yake zama haka. Mun kai shafi na huɗu. Mako mai zuwa za mu shiga yadda ake ɗaura ragar iska a kan ragar ƙarfe, ya ce in zo da tsohon fayil ɗin nan da ya taɓa ba mu amsa mai kyau alhali bakin fuffuken bai ɗauru da komai ba.